Iliya Ɗan Maiƙarfi: Baƙon Da Ya Zama Ɗan Gari

A cikin littattafan ƙagaggun labarai na Hausa da aka buga kafin samun mulkin kai, akwai guda ɗaya da kusan kowa ya san sunansa, amma ba kasafai ake zama a tattauna shi ba. In an taɓo Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce kowa yana da abin cewa. In an ambaci Shaihu Umar sai a zarce cikin tarihin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Amma in aka zo kan Iliya Ɗan Maiƙarfi na Malam Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a Zariya a 1951, yawanci murmushi kawai ake yi a ce, "Allah sarki, Iliya da dokinsa Ƙwalele," a wuce. An riga an jefa shi cikin rukunin karatun yara. Na sake karanta shi kwanan baya daga bango zuwa bango, kuma ina ganin wannan matsayi da muka ba shi ya yi masa kaɗan ƙwarai.

Ga wanda ya manta, ko wanda bai taɓa riƙe littafin ba, ga zubin labarin a taƙaice. Iliya ya tashi gurgu, ya shafe shekaru yana zaune wuri ɗaya, iyayensa na fita nema suna barinsa a gida. Rannan waɗansu baƙi suka zo, ta sanadinsu Allah Ya ba shi lafiya, Ya kuma haɗa masa da ƙarfin da ya wuce na sauran mutane. Ya sami dokinsa Ƙwalele, ya shiga duniya, ya gamu da ƙaton nan Wargaji, ya isa birnin Kib ya shiga hidimar Sarki Waldima. Ya yi wa sarkin yaƙe-yaƙe, sarkin ya saka masa da kurkuku, sa'an nan da abokan gaba suka taso wa birnin aka koma neman wanda aka ɗaure. Daga ƙarshe Iliya da dokinsa suka zama dutse.

Wannan labari ba a ƙasar Hausa aka haife shi ba, kuma masana adabi sun daɗe da sanin haka. Tushensa tsofaffin waƙoƙin baka ne na jarumai da ake rerawa a ƙasar Rasha, waɗanda babban gwarzonsu shi ne Ilya Muromets, wato Ilya mutumin garin Murom. A can ma gurgu ne, ɗan talakawa manoma, wanda ya shekara 33 bai taka ƙasa ba sai da waɗansu matafiya masu ziyarar ibada suka warkar da shi. Sarkin da ya yi wa hidima shi ne Vladimir na birnin Kiev, sunan da ke komawa ga sarkin nan da ya karɓi addinin Kirista a shekarar 988. Ƙaton da ya gamu da shi Svyatogor ne, wanda saboda nauyinsa ƙasa ba ta iya ɗaukarsa. Tun 1886 wata Ba'amurkiya, Isabel Hapgood, ta fitar da waɗannan waƙoƙi cikin Turanci. Akwai ma wata gawa da ke ajiye a kogunan gidan ibada na Pechersk a Kiev wadda ake cewa tasa ce. Cocinsu ya sanya shi cikin waliyyai a 1643, kuma likitocin da suka duba gawar a 1988 sun sami alamar ciwon ƙashin baya a jikinta.

A nan ne sana'ata ta nazarin harshe takan tsayar da ni, domin abin da Malam Ahmadu ya yi da sunayen nan darasi ne sukutum a kan tsarin sautin Hausa. Ɗauki Vladimir. Bahaushe ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, ba shi da sautin "v", kuma sunayensa galibi da wasali suke ƙarewa. Sai marubucin ya mai da "v" ta koma "w", ya janyo wasalin ya sa shi tsakanin baƙaƙen biyu aka sami gaɓar "wal", ya yar da "r" ta ƙarshe, sai ga Waldima. Hanyar da harshen ya bi ya samar da direba da gwamna da talabijin tana kama da wannan. Kiev kuwa ta zama Kib, "v" ta koma "b" kamar yadda ta koma a direba. Amma mai karatu ya lura, bai ƙara mata wasali ta zama Kibi ko Kiba ba. Ya bar ta da baƙi a ƙarshe, abin da kunnen Bahaushe ya fi sabawa da ji a kalmomin amsa-kama irin su tsaf da kaf. Wannan ɗan baƙunci da ya rage a jikin sunan shi ke sa yaro ya ji cewa birnin yana da nisa, nisan da ya dace da labari.

Sauran sunayen bai ma wahalar da kansa da sautinsu ba, ma'ana ya bi. Ilya ya zo daidai da Iliya da muke da shi a kowace unguwa. Garin Murom bai da wani amfani ga ɗan Katsina, sai aka maye gurbinsa da Ɗan Maiƙarfi, suna mai zafi ga yaron da ko tsayuwa ba ya iyawa. Svyatogor ya zama Wargaji, kalmar da dama Hausa ke kiran abu mai girman da ya wuce misali da ita. Dokin da Rashawa ke kira Burushka saboda launinsa ya zama Ƙwalele, wato abin da za ka gani ka yi sha'awa amma ba za ka samu ba, kamar dai ƙwalelen kare da hantar kura. Ban san sunan doki a adabin Hausa da ya fi wannan dacewa ba. (Wani abin ban dariya da ban tausayi: tun da yaƙi ya ɓarke gadan-gadan tsakanin Rasha da Yukren a Fabrairun 2022, kullum muna jin birnin Kib a rediyo ba tare da mun gane shi ba, kuma shugabannin ƙasashen biyu, Vladimir Putin da Volodymyr Zelensky, duk takwarorin Waldima ne. Har Iliyan ma jayayya suke yi a kansa, kowane ɓangare na cewa ɗansu ne.)

To, in labarin aro ne, me ya rage na Malam Ahmadu? Wannan tambaya ba sabuwa ba ce a shafukan jaridunmu. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya ɗauki shekaru yana bin sawun wuraren da Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo labaransa, daga Dare Dubu Da Ɗaya har tatsuniyoyin Jamus, shi kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce a kan yadda adabin Hausa da finafinansa ke ɗaukar na waje su sake masa kama. Ni dai ra'ayina a nan mai sauƙi ne. Manomin Bakori bai ƙirƙiri masara ba, daga nahiyar Amurka ta fito, sunanta ma yana nuna cewa ta hanyar Masar muka ɗauka ta iso mu. Amma duk wanda ya ce tuwon masara ba abincin Bahaushe ba ne sai a tambaye shi inda ya kwana. Abin dubawa shi ne ko irin ya karɓi ƙasar. Na Iliya ya karɓa, har ya kai wani dattijo a garinmu ya taɓa tabbatar mini, ba da wasa ba, cewa Kib tana can gabas da Kukawa.

Sai dai abin da ya fi riƙe ni a wannan karatu na baya-bayan nan shi ne halin Iliya kansa. Ina yaro, faɗan nake bi, ina tsallake duk inda babu takobi. Yanzu kuwa shekarun zaman nan nasa suka fi tsaya mini a rai. Mutumin da ya daɗe yana kallon ƙofa, ana fita ana barinsa, ana ɗauke shi ana ajiyewa, ya san wani abu game da rauni wanda haifaffen ƙaƙƙarfa ba zai taɓa sani ba. Ya san kuma cewa ƙarfin da ke jikinsa ba shi ya ba kansa ba, rana ɗaya aka ba shi, rana ɗaya ana iya karɓewa. Ina ganin daga nan haƙurinsa ya samo asali, kuma shi ya sa ƙarfinsa bai zama abin tsoro ga mai karatu ba. Mu da muka tashi muna ganin abin da shan inna ya yi wa tsararrakinmu, cutar da sai a Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da nau'inta na asali daga Nijeriya, bai kamata mu ɗauki wannan da sauƙi ba: jarumin da ya fi kowa ƙarfi a adabinmu na zube daga kan tabarmar gurgu ya taso.

A waƙoƙin Rasha, aikin farko da Ilya ya yi da sabon ƙarfinsa a gona ya yi shi. Ya tarar da iyayensa sun gaji sun yi barci a bakin saurar da suke sharewa, sai ya tumɓuke itatuwa da kututture ya gama musu aikin kafin su farka. Duk wanda ya taɓa yin sassabe da gatari a ƙasar Maska ko ta Bakori, ƙasar da ke da laka mai nauyi da saiwoyi masu zurfi, ya san darajar wannan kyauta fiye da yadda ɗan birni zai sani. Jarumin ɗan manoma ne, a fada kuma a haka ake kallonsa ko bayan ya yi suna. Wannan shi ne mabuɗin dangantakarsa da sarki.

Waldima ba dodo ba ne, ba kuma irin azzalumin sarkin tatsuniya ba ne da ake jira a ga ƙarshensa. Sarki ne mai son a yi masa aiki, mai saurin fushi, mai saurin mantuwa da alheri. Irinsa ba ya wuyar samu. Lokacin kakar bara, da na je gida, na riƙa karanta wa yaran gidanmu littafin bayan sallar isha'i, babi ɗaya kowane dare. Da muka zo inda aka fito da Iliya daga kurkuku don ya ceci birnin, sai wani ɗan ƙanena mai shekara 13 ya katse ni ya ce, "Baba, shi da yake da wannan ƙarfi, me ya hana shi ya kashe sarkin ya hau gadon? Ko ya bar su a cinye su mana." Sauran yaran duk suka goyi bayansa. Na lura babu ko ɗaya a cikinsu da ya ga hikimar abin da Iliya ya yi. Wauta suka ɗauke shi.

Ban ga laifin yaran ba. Sun tashi a yankin da mai bindiga ke aza wa manomi haraji kafin ya shiga gonarsa. Suna da wayo lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, sun kuma ji labaran Faskari da Sabuwa da Ɗandume daga bakin waɗanda suka gudo. Abin da idonsu ya nuna musu shi ne mai ƙarfi yakan ɗauki abin da yake so. Tsofaffin mawaƙan Rasha sun ba da tasu amsar ga tambayar yaron nan: Ilya ya fita yaƙin ne saboda gwauraye mata da marayu da talakawan birnin, ba don sarkin ya cancanta ba. Ingawa bai tsaya dogon wa'azi a kan wannan ba, ya bar aikin ya yi magana. Da na gwada bayyana wa yaran haka, sai na ga ashe misalin yana kusa da su. Tun kafin gwamnatin Jihar Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, akwai mafarauta da samarin ƙauye da ke kwana a bakin gari da bindigar toka, ba albashi, ba wanda zai riƙe iyalinsu in sun faɗi. Kowane ɗayansu yana da dalilin da zai ce a cinye garin. Da yawa ba su ce ba. Waɗansu kuwa, gaskiya ɗaya ce, da ƙarfin ya zo hannunsu sun zama abin da suka fito yaƙa, sun kashe wanda bai ji ba bai gani ba saboda ƙabilarsa kawai. Tsakanin waɗannan biyun littafin Malam Ahmadu yake magana, kuma ban san wani littafin Hausa na zamaninsa da ya aza tambayar a fili haka ba.

Ba ina cewa littafin ba shi da aibu ba ne. Gajere ne ƙwarai, kuma an jera aukuwarsa kamar ɗinkin tsumma, wannan faɗa ya ƙare wancan ya fara, wani lokaci ba tare da zaren da ya haɗa su ba. Wannan gado ne daga tushensa, domin waƙoƙin asali daban-daban suke, ba labari ɗaya ba ne. Matan da ke ciki ba su da wani nauyi. Akwai wuraren da mai karatu ke son a dakata a shiga zuciyar jarumin, musamman a cikin kurkuku, sai a wuce da jimla biyu. Amma ƙarshensa ya biya bashin. Jarumin bai zama sarki ba, bai tara dukiya ya zauna ba, ba a kuma kashe shi a fagen fama ba. Wanda ya fara rayuwa ba ya motsi ya ƙare ba ya motsi, da bambancin cewa na farkon ɗaure shi aka yi, na biyun kuwa hutu ne. A ƙasar da kusan kowane dutse ke da labarinsa, daga Dala zuwa Kwatarkwashi zuwa Kufena, wannan ƙarshe bai yi wa kowa baƙunci ba.

Yana da kyau a aza shi kusa da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933 aka buga shi a 1934. Ganɗoki namu ne tun daga saiwa. Ya faro daga yaƙe-yaƙen zuwan Turawa na gaskiya, irin faɗuwar Kwantagora a 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, wanda aka kama a 1902 a wajen Kaya, ba nisa da Maska. Daga nan labarin ya tsallaka duniyar aljanu, shi da ɗansa Garba Gagare. Ganɗoki da bakinsa yake ba da labarinsa, da kirari da bugun ƙirji, kuma akwai daɗin Hausa a cikinsa da Iliya bai kai ba. Amma Ganɗoki na shafin farko shi ne na shafin ƙarshe. Duniya ce ta sauya a kewayensa, ya dawo ya tarar da mulkin Turawa ya zauna, ya yi sulhu da zamani. Iliya kuwa ana jin nauyin shekaru a kansa. In ana maganar gina hali, na aron ya fi na gidan, ko da yake na san akwai abokan aikina da ba za su yafe mini wannan magana ba.

Irin wannan adabi bai mutu ba. Littattafan yaƙi da suka fito daga Kano, waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya fi kowa suna a kansu, suna da ɗimbin masoya, yau ma matasa na sauraren karatunsu a waya ta YouTube, a shagon tela da wurin mai shayi. Ina girmama wannan ƙoƙari, domin riƙe mai karatu littafi bayan littafi ba ƙaramin aiki ba ne. Ƙorafina a kan akasarin wannan rukuni shi ne jaruman sukan fito a shirye tun daga shafin farko, kyakkyawa, sadauki, masanin sihiri, ba gurguntaka, ba kurkukun da zai taɓa zuciya. Biranen kuma da sunayen mutanen sukan yi kama da na Larabawa ko Farisawa na cikin hikaya, ba su bi ta maƙerar da Waldima ya bi ba. Yarabawa sun sami D. O. Fagunwa tun 1938, wanda ya shiga dajin aljanun kakanninsa ya fito da littafin da Wole Soyinka ya fassara a 1968. Shi ma J. R. R. Tolkien, wanda babban littafinsa ya fito a 1954 da 1955, bayan Iliya, malamin tsohon harshe ne da ya gina duniyarsa daga tatsuniyoyin arewacin Turai.

Kayan aikin kuwa muna da su jibge a Katsina. Ɗauki labarin Korau da Sanau kawai. Baƙo ɗan kokawa ya taso daga 'Yandoto, ya sauka a wurin sarki, suka yi abota. Al'ada ta ce sarki zai yi kokawa, wanda ya kayar da shi ya gaje shi. Sanau yana da asirin da ba a kayar da shi, matarsa ta tona wa baƙon, Korau ya kayar da mai masaukinsa ya yanka shi, ya zama sarkin da ake ɗauka Musulmi na farko a gadon Katsina. Har yau ana kiran fadar Gidan Korau, ana yi wa sarki kirari da Magajin Korau, takobin Gajere kuma yana cikin kayan sarauta. Masana tarihi sun yi nasu aikin a kan abin da labarin ke nufi game da sauyin daula da shigowar Musulunci. Abin da ruwayar baka ta bari a buɗe shi ne na mai ƙaga labari: me matar Sanau ta gani a gidan mijinta da ya sa ta yi abin da ta yi, da wane ido Korau ya riƙa kallonta bayan ya hau gado ya san abin da za ta iya, kuma yaya mutumin da ya kawo sabon addini ya kwana da sanin cewa da cin amanar mai masauki ya shigo. Malam Ahmadu Ingawa ya ɗauko gurgu daga bakin kogin Oka ya zaunar da shi a zauren Bahaushe cikin 'yan shafuka kaɗan. Daga Bakori zuwa 'Yandoto kuwa, in hanyar Tsafe ta yi lafiya, tafiyar safiya ɗaya ce.